Gyambon da Ya Ƙi Warkewa: Bandeji, Zuma, Inji ko Matsi, Wanne Za a Zaɓa?

Idan miki ya kai mako huɗu zuwa shida bai nuna alamar haɗewa ba, ya zama gyambo, kuma daga nan shawarwari suke fara yawa. Wannan ya ce a sayi bandeji mai azurfa, wancan ya ce zuma, likita ya ambaci wani inji mai zuƙe ruwan ciwo, a intanet kuma an ga ɗakin iskar oksijin da aka ce yana hana yanke ƙafa. Kuɗi na tafiya, ciwo na nan inda yake. An gwada yawancin hanyoyin nan a kan ɗaruruwan majinyata, don haka akwai abin da za a kama a yi zaɓi da shi.

Abin da za a auna

Ma'auni na farko, wanda ya danne sauran, shi ne ko maganin ya taɓa dalilin gyambon. Manyan dalilai huɗu ne. Akwai gyambon da ke fitowa a ƙasan ƙwauri, kusa da idon sawu, saboda jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya sun yi sanyi, jini ya taru, ƙafa ta kumbura, fata ta yi duhu. Akwai na mai ciwon sukari, galibi a tafin ƙafa ko ƙarƙashin yatsa, inda jijiyar ji ta mutu, mutum yana taka ciwo bai sani ba. Akwai na wanda ya daɗe a kwance, a ƙugu, mazaunai ko diddige. Na huɗu shi ne na toshewar jijiyoyin da ke kawo jini: ƙafa ta yi sanyi, zafi ya tsananta da dare har sai mutum ya sauko da ita daga gado kafin ya samu sauƙi. Duk maganin da bai taɓa dalili ba, an bar jaki ana dukan taiki ne.

Sauran ma'aunan su ne hujjar bincike, kuɗi, ɗorewa, sauƙi da haɗari. Kuɗi a nan jimillar abin da za a kashe ne har ciwo ya rufe, da zirga-zirgar asibiti da ladan mai wanki. Bandeji mai tsada da ke yin kwana biyar yakan fi mai araha da ake sauyawa sau biyu a rana rangwame. Ɗorewa kuma iri biyu ce: kwanakin da abu ke yi kafin a sauya shi, da kuma ko ciwon zai dawo bayan ya warke.

Bandeji mai riƙe laima

A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya yi ƙananan raunuka a fatar aladu, ya rufe wasu da siririyar leda, ya bar wasu a iska. Waɗanda aka rufe sun yi sabuwar fata cikin sauri kusan ninki biyu. Wannan ya rushe tsohuwar fahimtar cewa sai ciwo ya sha iska ya yi ɓawo yake warkewa, kuma daga nan aka samo bandejin zamani: mai kama da soso don ciwo mai zubar da ruwa, wanda aka yi da ciyawar teku don mai ruwa da yawa, mai kama da man shafawa don busasshen ciwo.

Da aka gwada su da juna, ba a ga wani ya yi wa sauran fintinkau wajen warkarwa ba. Saboda haka a zaɓi wanda ya dace da yawan ruwan ciwon, wanda ba ya mannewa, wanda aljihu zai iya ɗauka na watanni. Abin gudu shi ne busasshen ƙyalle da ke kafewa a jikin ciwo. Duk wanda ya taɓa ganin an ɓanɓare shi ya san yadda yake tahowa da jan nama mai ƙwayoyi-ƙwayoyi, wanda shi ne ainihin abin da aka yi mako guda ana jira ya tsiro. Kowane wanki ya zama fami. Wajen wankin kansa, ruwan gishiri na asibiti ko ruwa mai tsabta da ake iya sha ya wadatar; ruwan wanki mai kumfa da sauran masu ƙarfi suna kashe sabon nama tare da ƙwayoyin cuta idan aka mayar da su na kullum.

Bandeji ɗaya ne ya fita daban. A 2018 an gwada wani mai suna UrgoStart, mai ɗauke da wani sinadari na musamman, a kan mutum 240 masu gyambon sukari da jininsu bai cika gudana ba: kashi 48 cikin ɗari sun warke a mako 20, a kan kashi 30 na waɗanda aka sa wa irinsa marar sinadarin. Amma dukkansu an rage wa ƙafar nauyi, kuma ciwonsu bai harbu ba.

Azurfa da zuma

Su biyun nan su suka fi farin jini, kuma a ganina su suka fi cin kuɗin mutane ba tare da kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. Duka suna kashe ƙwayoyin cuta, babu jayayya. Tambayar ita ce ko suna sa gyambo ya rufe da wuri. A Ingila, a 2009, an raba masu gyambon ƙwauri 213 gida biyu, wasu da bandejin azurfa, wasu da bandeji na talaka marar mannewa, duka an ɗaure musu ƙafa da matsi. Bayan mako 12 babu wani bambanci na a zo a gani, sai na kuɗi. A Niyu Zilan kuma, a 2008, an yi irin wannan da zuma a kan mutum 368: kusan kashi 56 suka warke da zuma, kusan kashi 50 ba tare da ita ba, tazarar da ba ta wuce abin da sa'a kan iya kawowa ba, kuma masu zumar sun fi kukan raɗaɗi.

Gurbinsu na gaskiya ƙarami ne. Idan ciwo ya fara wari, ruwa ya ƙaru, nama ya yi laushi yana jini da an taɓa, ana iya sa ɗaya daga ciki na mako biyu, a duba, a daina idan ya lafa. Zumar da ake nufi ita ce ta asibiti, wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta da haske na musamman. Idan kuwa harbin ya bazu, ja da kumburi suna hawa ƙafa, ga zazzaɓi, to an wuce matakin abin shafawa, sai maganin sha ko allura a hannun likita.

Matsi: ɗauri ko safa

Ga gyambon ƙwauri mai kumburi, wannan shi ne maganin, sauran duk rakiya ne. Ana naɗe ƙafa daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa da matsi mai kai wa 40 a idon sawu, a irin ma'aunin da ake auna hawan jini, yana raguwa zuwa sama, don jini ya koma inda ya fito. Ɗauri mai hawa huɗu da aka ƙirƙira a asibitin Charing Cross na Landan a shekarun 1980 yakan yi mako guda kafin a kwance, amma sai hannun da ya ƙware. Safa mai hawa biyu kuwa mutum na iya koyon sa wa kansa, kuma takalmi na shiga. Wani bincike na 2014 a kan mutum 457 ya nuna su biyun kunnen doki ne: kwana 99 da safa, kwana 98 da ɗauri, sai dai ciwon bai cika dawowa ga masu safa ba. Ƙafar da ta kumbura sosai ko take zubar da ruwa da yawa ta fi son ɗauri tukuna, safa daga baya.

Wahalarsa ba ɓoyayya ba ce. Yana da zafi, yana ƙaiƙayi, makon farko yakan yi ciwo, kuma mutane da yawa suna kwance shi da dare. Haɗarinsa kuma babba ne idan aka yi shi da ka. Kafin a ɗaure, dole a auna ƙarfin jini a idon sawu, kamar yadda ake auna hawan jini, a raba shi da na hannu. Idan sakamakon ya kai 0.8 zuwa 1.3 ana iya cikakken matsi. Ƙasa da 0.5 ba a matsawa sam, don ƙafar da jini bai isa gare ta ba matsi na iya kashe ta. Ga mai ciwon sukari awon kan yi ƙarya saboda jijiyoyi sun ƙandare, don haka yana bukatar ƙarin dubawa.

Akwai ƙari mai muhimmanci. A 2018 binciken EVRA a Birtaniya, mai mutum 450, ya nuna idan aka toshe lalatattun jijiyoyin da wuri ta ƙaramin aiki, da zafi ko da allurar kumfa, lokacin warkewa yana sauka daga kwana 82 zuwa 56. Aikin na da tsada sau ɗaya, amma yana rage yawan dawowar ciwon. Wanda bai yi shi ba, da ma wanda ya yi, safa ta zama abokiyar zama.

Sauke nauyi daga ciwo

Ga gyambon tafin ƙafa, abin da ya fi komai aiki shi ne siminti irin na karaya da ake yi wa ƙafa daidai da siffarta, ya raba nauyi ko'ina, ya ɗauke shi daga kan ciwon. Likita Paul Brand, wanda ya yi shekaru yana kula da masu kuturta a Indiya, shi ya yaɗa dabarar, don matsalar kuturu da ta mai sukari ɗaya ce: ƙafar da ba ta jin zafi. A 2001 David Armstrong da abokan aikinsa sun gwada abu uku a kan mutum 63. A mako 12, kusan kashi 90 na masu siminti sun warke, kashi 65 na masu doguwar takalmin asibiti da ake cirewa, kashi 58 na masu rabin takalmi.

Abin ban sha'awa shi ne doguwar takalmin tana sauke nauyi kusan daidai da siminti. To me ya kawo ratar? Sun sake bincike a 2003, suka sa wa majinyata abin ƙirga taku, suka gano kashi 28 kacal na takunsu na yini suke yi da takalmin. Mutum ya sa shi ya je asibiti, ya dawo ya jingine shi a bakin ƙofa. Ya tashi tsakar dare zai zaga, taku goma ne, ba zai tsaya ɗaure maɗauri biyar ba. Taku goman nan a kan ciwon da ba ya jin zafinsa sun isa su ɓata aikin yini. Falalar siminti ita ce ba ya ciruwa, shi ya sa wasu likitoci ke naɗe takalmin da bandeji mai tauri don ya zama haka.

Kayan aikinsa ba su da tsada, gwaninta ce ke da wuyar samu. Ana sauya shi duk mako, yana hana wanka yadda aka saba, yana iya goge fata ya haifar da sabon ciwo, kuma ba a yin sa a kan ciwon da ya harbu sosai ko ƙafar da jini bai wadace ta ba. Bayan warkewa, takalmi na musamman da duba tafin ƙafa kullum su ne ke hana komawa gidan jiya.

Gyambon kwanciya ma haka ne: juya majinyaci a kai a kai, katifa mai raba nauyi, matashi a ƙarƙashin sharaɓa don diddige ya rataya a iska, fata a bushe, abinci mai gina jiki. Wannan aiki ba ya cin kuɗi kamar yadda yake cin barcin mai jinya.

Cire mataccen nama: aska ko tsutsa

Ciwon da ke lulluɓe da baƙi ko rawayan mataccen nama ba ya haɗewa sai an share shi. Hanya mafi sauri da araha ita ce ƙwararre ya kankare da askar tiyata, musamman kantar da ke zagaye gyambon sukari, kuma akan maimaita. Banda guda: busasshen baƙin ɓawo a diddigen da jini bai isa ba, ba a taɓa shi sai an gyara gudun jini.

Tsutsa kuwa, duk da ƙyamar da sunanta ke jawowa, magani ce da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004. Tsutsar wani koren ƙuda ce da ake rainonta cikin tsabta a ɗakin bincike, a sa ta a ciwo kwana biyu zuwa uku. William Baer na jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne ya yaɗa amfani da ita a asibiti bayan abin da ya gani a raunukan sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gwajin 2009 a kan mutum 267 ya nuna tana share ciwo da sauri ƙwarai, amma lokacin warkewa bai sauya ba, kwana 236 da tsutsa, 245 ba tare da ita ba, kuma ta fi zafi. Ta dace da wanda ba zai iya tiyata ba.

Injin zuƙa

Ana cusa soso a ramin ciwo, a rufe da leda mai mannewa, a haɗa bututu zuwa wani ƙaramin inji da ke zuƙa dare da rana, ruwan na taruwa a gwangwani. Louis Argenta da Michael Morykwas na jami'ar Wake Forest a Amurka ne suka fito da shi fili a 1997. Yana rage kumburi, yana janyo gefen ciwo, yana sa rami ya cika da nama. A 2005, cikin mutum 162 masu sukari da aka yanke wa wani sashe na ƙafa, kashi 56 sun warke da inji, kashi 39 da bandeji. Sai dai kamfanin da ke ƙera injin ne ya ɗauki nauyin binciken, kuma wani da aka yi a Jamus, aka fitar a 2020, bai ga bambanci ba.

Yana da tsada, ga kayan sauyi duk kwana biyu zuwa uku. Yana son wuta ko batir mai ɗorewa, don idan ya tsaya fiye da awa biyu sai an cire soson. Leda ta ɗan ɗaga a tsakanin yatsu, iska ta shiga, ƙararrawa ta hana kowa barci. Haɗarinsa mafi girma zubar jini ne, musamman ga mai shan maganin tsinka jini. A 2009 hukumar Amurka ta yi gargaɗi a kansa bayan rahoton mace-mace. Ba a sa shi a kan ƙashin da ya harbu ba a yi magani ba, ko ciwon daji, ko jijiyar jini da ta fito fili.

Oksijin, fatar ɗakin bincike da sauran manyan kaya

Ɗakin oksijin mai matsi na bukatar zama na kusan awa ɗaya da rabi, kwana biyar a mako, har sau 30 zuwa 40. A Suwidin, a 2010, cikin mutum 94 masu gyambon sukari, kashi 52 na waɗanda aka ba oksijin sun warke bayan shekara, a kan kashi 29 na waɗanda ba a ba su ba. Bincike biyu da suka biyo baya a Kanada da Holan ba su tabbatar da haka ba. Yana iya taɓa dodon kunne, ya rage gani na ɗan lokaci, ya faɗar da sukari. Fatar da ake rainawa a ɗakin bincike, irin Apligraf, ta warkar da kashi 56, a kan kashi 38 na waɗanda ba a sa wa ba, a gwajin 2001, amma farashinta na sama, kuma ba ta kamawa sai a ciwo mai tsabta da jini ke isa. Duk waɗannan mataki na biyu ne.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Bandeji mai laima | Kaɗan zuwa matsakaici | Kwana 1 zuwa 7 | Ana iya yi a gida | Jiƙewar fatar gefe |
| Azurfa ko zuma | Matsakaici | Mako 2 a duba | Mai sauƙi | Raɗaɗi, ɓata lokaci |
| Matsi | Kaɗan zuwa matsakaici | Ɗauri mako 1, safa watanni | Sai an koya | Kashe ƙafar da ba jini |
| Siminti | Matsakaici | Mako 1 | Sai gwani | Sabon ciwo a ɓoye |
| Aska ko tsutsa | Aska kaɗan, tsutsa da yawa | Ana maimaitawa | Sai gwani | Jini, zafi |
| Injin zuƙa | Da yawa | Kwana 2 zuwa 3 | Sai nas da wuta | Zubar jini |
| Oksijin, fatar bincike | Da yawa sosai | Makonni a jere | Sai babbar cibiya | Kunne, asarar kuɗi |

Yaushe za a haura mataki?

Ido na yaudara, musamman idon wanda ke ganin ciwo kullum. A ɗora leda mai tsabta a kan ciwon a zana gefensa, ko a auna tsawo da faɗi a ɗauki hoto da abin awo a gefe, a rubuta kwanan wata. Binciken Peter Sheehan na 2003 ya nuna gyambon sukari da ya ragu da kusan rabi a mako huɗu yana da damar warkewa kashi 58 a mako 12. Wanda bai kai haka ba, kashi 9 kacal. Idan mako huɗu suka cika bai ragu ba, a fara da tambayoyi masu araha: ana cire takalmin? ana kwance ɗaurin? sukari ya daidaita? an bar taba? ƙashi ya harbu? Sai an amsa waɗannan sannan a yi maganar inji ko oksijin.

Wanne ga wa

Mai gyambon ƙwauri da kumburi, wanda awon jininsa ya yi kyau: matsi, da bandeji marar mannewa mafi araha a ƙarƙashi, a kuma nemi hoton jijiyoyi tun da wuri don a ga ko za a toshe su. Mai aikin da dole ya sa takalmi ya karkata ga safa.

Mai sukari da ciwon tafin ƙafa marar harbi: siminti ko takalmin da ba ya ciruwa, tare da kankare kanta. Idan jini ya ɗan gaza, a nan UrgoStart ke da hujja. Idan an yi tiyata an bar rami mai zurfi da ruwa, nan ne injin zuƙa ya fi cancanta.

Wanda ke kwance: katifa da juyi kafin komai, inji ko tiyatar rufe ciwo sai ga mai zurfi.

Wanda ƙafarsa ke sanyi, yatsu na baƙi, zafi na hana shi barci: babu bandejin da zai yi, likitan jijiyoyin jini zai gani a buɗe hanya, kuma cikin gaggawa. Mai sikila da gyambon idon sawu yana bukatar likitan jini tare da mai wankin ciwo. Gyambon da ya yi watanni ana yin duk abin da ya kamata bai motsa ba, ko gefensa ya tashi ya yi tudu, ko ya fito a kan tsohon tabon ƙuna, a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji, don wani lokaci ciwon daji ne ke shiga rigar gyambo.